Fiyano Ba Ya Numfashi, Amma Ana So Ya Yi Waƙa

Duk wanda ya zauna gaban malamin fiyano na kiɗan kilasik, ko ba daɗe ko ba jima zai ji an ce masa: "Sa shi ya yi waƙa." Wani malamin ma ba zai tsaya nan ba, zai ce ɗalibi ya ɗauke hannu daga kan madannai ya rera abin da bakinsa. Ɗalibai da yawa sukan ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci, wasu kuma kunya ce ke kama su, tunda ba waƙa suka zo koyo ba. Ni kuwa a ganina da wuya a samu aikin da ya fi wannan gyara kiɗan mutum, kuma dalilin yana cikin ƙirar fiyanon kansa.

In ka ɗaga murfinsa za ka tarar da tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200 a ɗaure tam, da 'yan gudumomi 88 da aka naɗe wa kai da ulu, ɗaya ga kowane madanni. Idan yatsa ya danna madanni gudumar takan tashi, amma kafin ta kai ga tsirkiya sai ta kuɓuce daga abin da ya turo ta, ta ƙarasa tafiyar ita kaɗai, ta doka, ta dawo. Wannan dabara tana nan tun fiyanon farko da Bartolomeo Cristofori ya ƙera a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700. Saboda haka da zarar guduma ta doki tsirkiya, makaɗi ba shi da sauran iko a kan ƙarfin wannan sautin. Farkonsa ne mafi ƙarfi, daga nan sai raguwa har ya mutu; masu kauri na ƙasa sukan ɗan jima, sirara na sama kuwa nan da nan suke dusashewa. Mawaƙi na iya kama sauti ɗaya a hankali, ya kumbura shi, ya sake lafar da shi. Mai gogen Turawa da mai sarewa ma haka. Mai fiyano kuwa ko ya danne madannin har yatsansa ya yi ciwo, ba abin da zai ƙaru.

A 1925 Otto Ortmann, na makarantar kiɗa ta Peabody da ke Baltimore a Amurka, ya fitar da sakamakon awon da ya yi kan taɓin fiyano, inda ya nuna cewa babban abin da ke bambanta sauti ɗaya da wani shi ne saurin da guduma ta zo da shi. Maganar ba ta yi wa makaɗa da dama daɗi ba, don sun saba jin taɓi kaza mai taushi ne, taɓi kaza mai zurfi. Amma in aka natsu, ba ta rage wa fasahar komai ba, ta dai nuna inda fasahar take. Waƙar da muke ji a fiyano tana tsakanin wannan sauti ne da na gaba: wanne ya fi ƙarfi, da nawa ya fi, yaushe na biyun ya shigo, har yaushe na farkon ya ci gaba da amo a ƙarƙashinsa. Idan waɗannan suka daidaita, kunnen mai sauraro da kansa zai cike guraben, ya ji zare guda yana tafiya, har ya rantse sautin kumbura yake yi alhali raguwa yake. To ina makaɗi zai samo ma'aunin waɗannan ƙananan bambance-bambance? Takarda ba ta rubuta su ba, kuma ba za su rubutu ba.

Magabatan fannin duk wuri guda suka nuna. Johann Sebastian Bach, a gabatarwar da ya rubuta a 1723 ga ƙananan kaɗe-kaɗe masu murya biyu da masu murya uku da ya tsara wa masu koyo, ya ce babban abin nema shi ne mutum ya samu salon kiɗa mai kama da waƙa. Ɗansa Carl Philipp Emanuel Bach, a littafinsa na 1753 kan kaɗa kayan kiɗa masu madannai, ya shawarci mai koyo kada ya bari damar sauraron gwanayen mawaƙa ta wuce shi, kuma ya riƙa rera wa kansa kari don ya gane yadda ya kamata a kaɗa shi. Sigismond Thalberg ya fara fitar da jerin littattafai a 1853 kan ɗora fasahar waƙa a kan fiyano. Amma wanda ya fi kowa riƙe wannan aƙida shi ne Frédéric Chopin. Ya isa Paris a 1831 lokacin da oferar Italiyawa, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa, ke tashe, ya ji Giuditta Pasta da Maria Malibran da Giovanni Battista Rubini a kan dandamali, daga baya ya san Vincenzo Bellini, wanda dogayen karinsa suka yi suna. Ɗalibansa sun ruwaito cewa yakan tura su gidan ofera, yakan ce musu sai mutum ya iya waƙa zai iya kiɗa, har ya sa ɗaya daga cikinsu ta je ta ɗauki darasin waƙa. A ɗan abin da ya bari na littafin koyarwa da bai ƙarasa ba, ya daidaita aikin wuyan hannu da numfashin mawaƙi.

Me murya ta sani wanda yatsa bai sani ba? Ta san tsadar kowane sauti. A kan fiyano, sautin da ke kusa da wanda ke can nesa, dogo da gajere, na farkon jimla da na ƙarshenta, duk danna ɗaya ne, shi ya sa yatsa ke zubar da su kamar mai kashe kuɗin da bai sha wahalar nema ba. Murya kuwa sai ta biya kowanne da iska da ƙoƙarin maƙogwaro. Wannan biyan ne kunnen ɗan Adam ya saba ji tun yana jariri, kuma shi yake nema a kowane kari. In bai ji shi ba, zai ce kiɗan daidai ne amma babu rai.

A ɗauki nisa tukuna. Noktun (wato kiɗan dare mai sanyi) ɗin Chopin na biyu a aikinsa mai lamba 9, wanda aka buga a 1832, yana farawa da tsalle daga so zuwa mi na sama a tsarin do-re-mi, tazarar matakai shida. Ga hannu wannan ba komai ba ne, yatsu biyu ne da suka riga suka zauna a kan madannansu, shi ya sa ɗalibi kan doka su ɗaya bayan ɗaya ya wuce. Amma a sa shi ya rera, ko da ya sauko da karin ƙasa daidai muryarsa. Zai ji cewa sautin farko ba wurin zama ba ne, wurin tattara ƙarfi ne. Zai ji maƙogwaro na shiri tun bai bar so ba. Zai ji cewa mi ba ya zuwa nan take, akwai ɗan lokaci, bai kai ƙiftawar ido ba, da ake ɗauka a hau. Idan ya koma kan fiyano da wannan a jikinsa, sautin farko zai yi laushi, na biyun zai ɗan makara kaɗan, ya zo a cike ba da duka ba. Ba wanda ya ce masa ya jinkirta da kaza. Kuma da an faɗa masa da lissafi, da ya wuce gona da iri. Jim kaɗan a gaba karin yakan sake yin tsalle mafi faɗi, na matakai takwas, kuma wanda ya rera ya san wannan ya fi na farko tsada, ba zai ba su lokaci ɗaya ba.

Sai dogon sauti, wanda a nan ne aka fi yin asara. Babi na biyu na sonatar Beethoven (wato dogon kiɗa mai babi-babi), aikinsa mai lamba 13, wadda aka fi sani da Pathétique, aka buga a 1799, misali ne da kowane ɗalibi ke haɗuwa da shi. In aka ɗauki tushen karin a matsayin do, ga yadda yake farawa: mi, re, so, fa, mi, so, do, re, so. Sauti na uku, wato so, dogo ne. Ƙananan sautukan rakiya shida ke wucewa a ƙarƙashinsa kafin fa ya shigo. Abin da yakan faru shi ne, ɗalibi ya danna so, sai hankalinsa ya koma kan rakiyar, tunda ita ce ke motsi. So na can yana dusashewa ba mai kula da shi. Idan lokacin fa ya yi sai a danna shi da ƙarfin da aka danna so tun farko, sai ya fito kamar an yi tuntuɓe, don kunnen mai sauraro yana biye da so har inda ya ragu, kuma daga nan yake jiran a ɗora. Mawaƙi ba zai taɓa yin wannan kuskure ba, domin shi ke riƙe da sautin da numfashinsa daga farko har ƙarshe. In ya sake shi a zuci, muryar ce za ta yanke. Wanda ya rera wannan wuri ya koyi zama cikin dogon sauti. A kan fiyano ba zai iya raya shi ba, amma zai iya sauraron wutsiyarsa, ya ɗauko fa daga daidai inda so ya tsaya. Kuma tunda rakiyar na hannunsa, yana iya ɗan ƙara mata kaɗan a ƙarƙashin dogon sautin, sai mai sauraro ya ji kamar karin ne ke kumbura. A ra'ayina, wanda ya iya wannan sauraron wutsiya ya ci rabin aikin legato, wato haɗa sautuka ba yankewa, ko da yatsunsa ba su gama ƙwarewa ba.

Numfashi kuma shi ke yanka kiɗa jimla-jimla. Fiyano zai iya zuba sauti na tsawon sa'a ba hutu, mutum ba zai iya ba. Da zarar ka rera gaɓoɓi takwas na farkon wancan babi na Beethoven (gaɓa ita ce ɗan yankin da ake raba rubutun kiɗa da shi bisa bugu), dole ka yanke shawarar inda za ka shaƙi iska, kuma shawarar za ta tona ko ka fahimci karin. Shaƙa a wurin da bai dace ba tamkar tsayawa ne a tsakiyar kalma, kunne ba ya yarda. Rerawa kuma takan nuna inda jimlar ta dosa, don mawaƙi na tattalin iskarsa saboda wuri ɗaya, ba ya ba kowane sauti cikakken ƙarfi. Ƙarshen jimla ma haka: a gaɓa ta takwas karin yakan jingina da re sannan ya sauka kan do, nauyin na kan re, do kuwa saki ne, iskar ta kusa ƙarewa. A fiyano sau da yawa sautin ƙarshe kan faɗa hannun yatsa mai ƙarfi sai ya fito da kara, abin da bakin mutum ba zai yi ba. Beethoven ya kai wannan tunani matuƙa a sonatarsa ta 1821, aikinsa mai lamba 110, inda ya rubuta waƙar makoki ga fiyano, da ta dawo karo na biyu kuma ya yayyanka ta da ƙananan shiru kamar mai kuka da numfashi ke sarƙe masa. Wanda bai taɓa gwada rera wannan wuri ba zai ƙirga shirun ne kawai.

Yadda ake aikin ba shi da wuya, haƙuri yake so. A ɗauki jimla ɗaya, a tashi daga kan fiyano, a rera ta da "la" ko da do-re-mi, a tsaye, da cikakkiyar murya, ba guna-guni a maƙoshi ba, don guna-guni ba ya cin iska, saboda haka ba ya koyar da komai. A sa alamar fensir a takarda inda aka shaƙi iska da inda aka ji jimlar ta kai ƙololuwa. Sannan a zauna a kaɗa rakiyar kaɗai ana rera karin a kanta. Daga nan a kaɗa karin shi kaɗai, baki a rufe, da ainihin yatsun da za a yi amfani da su, ana tambayar kai ko abin da ya fito ya yi kama da abin da aka rera. Yawanci bai yi ba, kuma gano inda suka saɓa shi ne darasin. Naɗar sauti a waya na taimakawa ƙwarai a nan: a naɗi rerawar, a naɗi kiɗan, a saurare su a jere. Wasu malamai kan sa ɗalibi ya ƙirƙiro wa karin kalmomi, kowace irin magana, don gaɓoɓin kalma su nuna masa sautin da ke ɗauke da nauyi da wanda ke wucewa. Wuyan hannu kuma ya riƙa ɗagawa a hankali a inda aka shaƙi iska, kamar yadda Chopin ya nufa, makaɗin ma ya shaƙa da gaske. Yawancin masu koyo riƙe numfashi suke yi a wurare masu wuya ba su sani ba, kafaɗa ta ɗaure, sautin ya bushe.

Matakin nan na rera kari a kan rakiya shi ne kuma ƙofar fahimtar rubato, wato sassaucin lokaci. A wasiƙar da Mozart ya aika wa mahaifinsa daga Augsburg a watan Oktoban 1777, ya ce abin da ke ba mutane mamaki shi ne yadda hannunsa na hagu ke tafiya daidai kan bugu a kiɗa mai sanyi, na dama kuwa yana sassautawa. Ɗaliban Chopin ma irin wannan suka ruwaito daga gare shi. Hannu biyu na mutum ɗaya suna son faɗuwa tare, shi ya sa abin ke da wuya. Amma baki da hannu ba su da wannan ɗabi'a: murya za ta ɗan makara a tsalle, ta ɗan yi gaba a inda zuciya ta ɗauka, hannun hagu na tafiyarsa. Idan jiki ya ɗanɗana wannan 'yanci, sai a miƙa wa hannun dama abin da baki ya yi.

Ba karin sama kaɗai ke buƙatar wannan ba. Robert Schumann, a shawarwarin da ya buga wa matasan makaɗa a 1850, ya ce su riƙa shiga ƙungiyar mawaƙa, musamman su rera muryoyin tsakiya, kuma su koyi rera abin da ke takarda ba tare da taimakon kayan kiɗa ba ko da muryarsu ƙarama ce. A kaɗe-kaɗen Bach masu murya biyu, a kaɗa ɗaya a rera ɗayar, sannan a juya. Aiki ne mai gajiyarwa da farko. Amma bayansa hannun hagu ba ya sake zama ɗan rakiya kawai, kowace murya na da inda ta fito da inda za ta.

Duk da haka akwai iyaka, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Babban haɗari shi ne mutum ya saba rerawa yayin da yake kaɗa komai da komai. Muryarsa za ta rufe masa kunne, ta cike masa guraben da yatsunsa suka bari, ya tashi yana jin ya yi abin kirki alhali wanda ke zaune a ɗakin bai ji ko ɗaya ba. Glenn Gould na Kanada ya shahara da wannan ɗabi'a, ana jin muryarsa a faifansa na 1981 na kiɗan Bach, amma shi yatsunsa sun riga sun iya faɗin abin da bakin ke faɗa. Mai koyo bai kai nan ba. A rera kafin a kaɗa, ko a rera murya ɗaya a kaɗa wata, amma in an zo gwada karin a fiyano a yi shiru a saurara. Na biyu, muryar da ba a horar ba tana da nata raunin: numfashinta gajere ne, takan ja ƙafa, takan yi ƙara a duk sautin sama don wahalar kai wa gare shi. In aka kwafe wannan duka sai kiɗan ya zama gutsi-gutsi, kowace gaɓa da tsayawarta. Akwai jimlolin Chopin da na Schubert da suka fi numfashin yawancin mutane tsawo, kuma fiyano na da ikon ɗaukarsu a tafi ɗaya. A irin wannan wuri murya za ta nuna siffar jimlar ne, ba ita za ta yanke tsawonta ba. Sannan ba kowane kiɗa ke son waƙa ba. Béla Bartók a 1911 da Sergei Prokofiev a 1912 sun rubuta kaɗe-kaɗen da ke son a ji dukan guduma ƙarara, kuma shafa musu laushin ofera ɓata su ne.

Rerawa kuma ba ta maye gurbin horon hannu. Takan ba mutum hoton abin da yake nema, amma sai yatsa ya koyi riƙe madanni har na gaba ya shigo sannan ya saki, sai hannu ɗaya ya iya fito da kari da ƙananan yatsunsa yana danne rakiya da manyan, kamar yadda wancan babi na Beethoven ke buƙata, sai ƙafa ta san lokacin canza feda, wato matakin da ke tsawaita amo, don sautuka su haɗu ba su cakuɗe ba. Bambancin shi ne, wanda ke da hoton a kunnensa yana da abin da zai auna hannunsa da shi, don haka maimaicinsa ba na makanta ba ne.

Game da kunya kuwa, musamman ga manya da suka fara koyo da girmansu, ba daɗin murya ake nema ba. Ko muryar na rawa, ko ba ta kai sama ba sai an sauko da karin, za ta shaƙi iska inda ya dace, za ta ji nauyin tsalle. Wanda kuma yake son ƙari sai ya bi hanyar Vladimir Horowitz, wanda ya sha faɗin irin abin da ya koya daga faya-fayen mawaƙin Italiya Mattia Battistini: a saurari gwanin mawaƙi da takardar waƙar a gaba, a sa alama duk inda ya shaƙa, inda ya jinkirta, inda ya sassauta murya a sautin da ake zaton zai ɗaga. Waƙoƙin Schubert, waɗanda suka haura 600, sun dace da wannan, don Franz Liszt ya mayar da da dama daga cikinsu na fiyano zalla, ana iya jin waƙar a bakin mawaƙi sannan a nemi irinta a yatsu. In kuma an samu mawaƙi a kusa, ko ɗalibi ne, a zauna a yi masa rakiya. Nan makaɗi zai ga kafaɗa da ƙirjin mutum na tashi kafin jimla, ya koyi shigowa tare da iskar ba tare da an ƙirga masa ba, in ya yi gaggawa a wurin shaƙa kuma mawaƙin zai tsaya ya ce a sake.